Tambaya da Amsa: Adireshina ya zo ɗaya da na maƙwabcina, ko an cuce ni?

Masu karatu, barkanmu da sake saduwa. Cikin wasiƙun da suka taru mini a wannan wata, uku sun faɗo kan magana ɗaya ko da yake masu su ba su san juna ba: lambar nan da ake kira adireshin IP, wadda na'ura take amfani da ita wajen aikawa da karɓar saƙo a intanet. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina hawa tsani ina jan waya a ofisoshi da makarantu, kuma babu abin da ya fi tayar da ni cikin dare kamar wannan lamba. Bari mu fara da Alhaji, tunda shi aljihunsa abin ya taɓa.

Tambaya daga wani mai shagon atamfa a Kantin Kwari, Kano: "Malam, na sa an ɗaura mini kyamarori huɗu a shago don in riƙa duba yara ta waya idan na yi tafiya. A cikin shago hoto yana zuwa tar, amma da na bar kasuwa sai ya ɗauke. Yaron da ya yi aikin ya ce sai na riƙa biyan kamfanin intanet wani kuɗi daban duk wata su ba ni adireshin kaina. To ni na juya bayan rauta, akwatin nan da ke raba mana intanet, na ga 192.168.1.1, na leƙa shagon maƙwabcina, shi ma lambar ke nan. Kamfanin ne ya sayar mana da lamba ɗaya mu biyu, ko yaron ne yake so ya ci kuɗina?"

Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Yaron bai yi maka ƙarya ba, kamfanin kuma bai sayar da lambarka sau biyu ba. Lambar da ka gani sunan ɗaki ce a cikin gida. Gidaje nawa ne a Kano suke da ɗakin tsakiya ko ɗakin Inna? Ba wanda ya taɓa ɓata saboda haka, don sunan iyakarsa cikin gida. A watan Fabrairun 1996 ƙungiyar injiniyoyin intanet, IETF, ta fitar da wata takarda mai lamba RFC 1918, ta keɓe rukuni uku na adireshi don irin wannan amfani: duk wanda ya fara da 10, duk wanda ya faɗa tsakanin 172.16 da 172.31, sai kuma wanda ya fara da 192.168. Kowa yana iya ɗauka ya yi amfani da su ba tare da neman izinin kowa ba, sharaɗi ɗaya ne, ba sa fita titi. Shi ya sa za ka tarar da 192.168.1.1 a shagonka, ka tarar da ita a otal a Dubai.

To ta yaya saƙonka yake fita? Lokacin ina yaro, a garinmu ba mai akwatin gidan waya na kansa. Kowa da akwatin makarantar firamare yake rubuta wasiƙa, amsa ta dawo hannun hedimasta, shi ya san wa ya aika wa wa, ya kira yaro ya ce kai wa babanka. Aikin rautarka ke nan. Wayarka ko kyamararka ta miƙa mata saƙo, ta goge lambar ɗaki ta sa lambar waje, ta rubuta a littafinta cewa amsar wannan ta wane ce. Ana kiran wannan dabara NAT. Tana aiki lafiya muddin daga ciki aka fara magana. Amma a ce wani baƙo ya aiko wasiƙa da lambar akwati kawai babu suna, hedimasta bai san wa zai ba ba, sai ya ajiye. Ranar da kake Legas kana neman kyamararka, kai ne wannan baƙon.

Da can maganin abin mai sauƙi ne. Mai gyara zai shiga rauta ya gaya mata duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba kaza a wuce da shi wurin na'urar naɗar hoto. Abin da ya ɓata wannan shi ne kamfanonin sadarwa su ma sun gina nasu zauren na NAT a gaban rautarka, sun tara kwastomomi masu yawa a bayan adireshi ɗaya. Har an ware musu rukuninsu a 2012, daga 100.64 zuwa 100.127. Mabuɗin wancan zauren ba ya hannunka, ba ya hannun yaronka. In kana son ka tabbatar da idonka, ka sa ya buɗe maka shafin rauta ku duba adireshin da kamfani ya ba ta, sannan ku tambayi Google adireshin IP ɗinku. In lambobin biyu sun sha bamban, ko ta rautar ta fara da 10 ko da 100.64 zuwa 100.127, to a bayan zauren kamfani kake.

Kafin ka biya, ga abin da nake fara gwada wa 'yan kasuwa. Na'urorin naɗar hoto na yanzu kusan duk suna zuwa da manhajar kamfanin da ya ƙera su. Na'urar da kanta take fita ta je ta yi sallama a sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsu da ke intanet, wayarka ma ta je can, a haɗa ku. Tunda daga ciki aka fita, zaure ba ya tarewa. Akwai ɗan zanen murabba'i a jikin na'urar ko a allonta da ake haskawa da kyamarar waya, minti biyar an gama. Aibinta shi ne kana dogara da sabar wasu, ran da ta sami tangarɗa ba za ka ga komai ba. In shagunanka da yawa kuma kana son ka haɗa lissafinsu wuri ɗaya, a nan adireshin kanka ya cancanci kuɗinsa. Sai dai ina roƙonka abu ɗaya, Alhaji: kada a bar kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita daga kwali. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin naɗar hoto a duniya, ba da wata gwaninta ba, gwada kalmomin sirrin masana'anta kawai take yi. Mai adireshin kansa ƙofarsa a bakin titi take.

Saura dalilin da ya sa ake sayar da lamba, abin da ba a saƙa ba, ba a rina ba. Tsarin da muke kai, IPv4, an rubuta shi a takardar RFC 791 a watan Satumban 1981, ƙarƙashin kulawar Jon Postel. Adireshi gurbi 32 ne, kowane gurbi ko sifili ko ɗaya, jimilla 4,294,967,296. Kwamfutocin da ke haɗe a lokacin ba su kai dubu ba, don haka an ga kamar ba za su taɓa ƙarewa ba. Vint Cerf, ɗaya daga cikin iyayen tsarin, ya sha faɗa cewa sun ɗauka gwaji suke yi. Aka kuma yi rabo irin na wanda bai san talauci ba. Ka ɗauka babban ɗan kasuwa ya ce maka kayansa iri uku kawai yake sayarwa, ko kwantena, ko dila, ko turmi, babu tsakani. Aji na A adireshi 16,777,216 ne, na B 65,536, na C 256. Ma'aikatar da take bukatar 2,000, C ya yi mata kaɗan, sai a miƙa mata B, sauran su kwanta. Kamfanin Apple ya kwashi duk abin da ya fara da 17, jami'ar MIT 18, kamfanin motoci na Ford 19, kowanne kwantena guda.

Yau rabon hawa-hawa ne. Ofishin IANA, mai kula da rabon lambobin intanet na duniya, yana riƙe da babban rumbu, yana ba hukumomin yanki biyar: RIPE NCC ta Turai da Gabas ta Tsakiya, APNIC ta Asiya, ARIN ta Arewacin Amurka, LACNIC ta Latin Amurka, sai tamu AFRINIC da ke tsibirin Moris. Su ne suke ba kamfanonin sadarwa, kamfanoni su ba ka. Tamu ce auta, sai a 2005 aka amince da ita, Adiel Akplogan ɗan ƙasar Togo ya zama shugabanta na farko. Kafin mu iso an riga an kwashe naman. Manyan rukunan da ke hannun AFRINIC shida ne, 41, 102, 105, 154, 196 da 197, sai 'yan guntaye nan da can, adireshi miliyan 100 da ɗoriya ga nahiyar da mutanenta suka haura biliyan ɗaya. Ma'aikatar tsaron Amurka ita kaɗai tana riƙe da irin waɗannan manyan rukunai fiye da goma. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya sosu, domin abin da kake biya duk wata, Alhaji, kuɗin makara ne da ba kai ka yi ba.

Ranar 3 ga Fabrairun 2011 IANA ta raba rukunai biyar na ƙarshe, kowace hukuma ɗaya, rumbu ya zama wayam. Namu shi ne 102. A shekarar ce kamfanin Microsoft ya sayi adireshi 666,624 daga hannun kamfanin Nortel da ya durƙushe a kan dala miliyan 7.5, daga nan lamba ta zama haja. Tun Janairun 2020, kamfanin da ya je AFRINIC neman IPv4 ba ya samun fiye da 1,024 a karo ɗaya. Ka auna wannan da yawan layukan waya a Kano kaɗai, za ka ga abin da ya sa suka gina zaure.

Tambaya daga wata mai sayar da kayan mata ta waya a Maraɗi: "Wani mutum da muka saɓa kan ciniki ya turo mini saƙo cewa ya samu adireshin IP ɗina, kuma zai zo har gida. Gaskiya ne zai iya?"

Ƙanwata, ki kwantar da hankalinki ta wannan fuska. Adireshin IP ba ya ɗauke da sunan unguwa ko lambar gida. Iyakar abin da mutum zai gani shi ne sunan kamfanin sadarwarki da kintacen gari, kuma kintacen yakan kauce: na Maraɗi a nuna shi a Yamai, na Kano a nuna shi a Legas, domin can kamfani yake fitar da zirga-zirgarsa. Kamar yadda na gaya wa Alhaji, lambar ma ba taki ce ke kaɗai ba, kuna da yawa a kanta, gobe kuma ta canza. Kamfanin ne kaɗai yake da rajistar da za ta nuna wane layi ya yi amfani da wace lamba a wane lokaci, kuma hukuma ake ba wannan bisa doka.

Amma barazana barazana ce. Abin da ke kai mugu ƙofar gida ya fi zama hoton kaya da aka ɗauka allon shagon maƙwabci ya fito a baya, ko kwatancen da kika taɓa ba mai kawo saƙo. Ki duba waɗannan. Kada ki taɓa wata mahaɗa da ya turo. A WhatsApp, cikin saitin sirri, akwai wurin da ake kunna ɓoye adireshin IP lokacin kira, ki kunna. Ki ɗauki hoton saƙonninsa, ki sanar da maigida ko iyayenki, ku kai wa 'yan sanda. Allah ya tsare.

Tambaya daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Katsina: "Malam, a aji ana rubuta mana 192.168.10.0/24, wani lokaci /26 ko /30. Na haddace teburin amma ban gane ba. Kuma IPv6 da ake cewa ya zo, ya kamata in ɓata lokaci a kansa tunda ban taɓa ganin mai amfani da shi ba?"

Ɗana, ajiye teburin tukuna. Lambar da ke bayan sandar tana gaya maka gurbi nawa daga cikin 32 aka kulle a matsayin sunan unguwa. Abin da ya rage shi ne na gidaje. A /24 an kulle 24, saura 8, biyu sau biyu har sau takwas ya ba ka 256. Na farko sunan unguwar ne kanta, na ƙarshe na shela ne ga kowa da kowa, don haka 254 za ka iya raba wa na'urori. Duk lokacin da lambar ta ƙaru da ɗaya, fili ya rabu biyu: /25 adireshi 128, /26 kuma 64, har ka kai /30 mai 4, wanda biyu kawai ake amfani da su, daidai haɗa rauta da rauta. In ta ragu da ɗaya, fili ya ninka. Ka yanka 192.168.10.0/24 zuwa /26, za ka sami yanki huɗu da suka fara daga 0, 64, 128 da 192. Wannan shi ne CIDR, an kawo shi a 1993 don a kashe tsarin kwantena da dila da turmi da na ba Alhaji labari, a koma yanka wa kowa daidai jikinsa. Ba don shi da NAT ba, da adireshin ya ƙare tun kafin a haife ka.

Zan ba ka labarin ranar da wannan lissafi ya zauna mini. An ba ni aikin haɗa wata cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, kwamfutoci 250, da wasu na ko-ta-kwana, da saba, da firinta, da kyamarori. Hannuna ya saba da /24, na sa shi ban ƙirga ba. Duk kwanakin da muke aiki layi-layi muke kunnawa, komai lafiya. Daren da za a wayi gari a yi gwaji muka kunna duka gaba ɗaya, sai layin ƙarshe ya ƙi ganin saba. Na canza waya, na canza akwatin rarraba layi, har wajen ƙarfe biyu na dare, mai cibiyar yana tsaye a kaina bai ce uffan ba. Sai da na zauna gaban ɗaya daga cikin kwamfutocin na duba lambarta, na ga ta fara da 169.254. Wannan lamba ce da kwamfuta take laƙa wa kanta idan ta yi ta roƙon adireshi ba wanda ya ba ta. Lambobi 254 sun ƙare, na'urori sun fi su yawa. Na mayar da shi /23, adireshi 510, na sake kunna komai, ɗaki ya ɗauka. Da safe yara ɗari biyu da hamsin za su zauna a kujerun nan, wasu daga ƙauye aka kawo su tun asuba. Tun daga ranar ba na taɓa rauta sai na zaga da biro na ƙirga duk abin da zai nemi lamba, har wayoyin ma'aikata, na kuma bar sarari.

Batun IPv6 kuwa, tsarin adireshin da aka tsara ya gaji IPv4, ka koye shi, kuma ka fara yau. Ba sabon abu ba ne: Steve Deering da Robert Hinden suka rubuta shi a 1995, aka sabunta a 1998, aka tabbatar da shi cikakken ma'auni a takardar RFC 8200 a 2017. Manyan shafuka irin su Google da Facebook sun kunna shi dindindin tun 6 ga Yunin 2012. Gurbinsa 128 ne, yawan adireshinsa lamba ce mai tsawon alƙaluma 39. Ana rubuta shi gungu takwas da ɗigo biyu a tsakani, da alƙaluma 0 zuwa 9 da haruffa a zuwa f. Tsawon ne yake tsorata ɗalibai, alhali ƙa'idar gajarta shi biyu ce kacal: sifilin da ke farkon gungu ana zubar da shi, jerin gungun da duk sifili ne kuma ana maye shi da ɗigo huɗu, sau ɗaya tak a adireshi. Shi ya sa kake ganin 2001:db8::1, wanda rukuni ne da aka keɓe don misali a littattafai. Wanda ya fara da fe80 na cikin gida ne, kowace na'ura tana da shi, duba wayarka za ka gani. Na yankinmu da AFRINIC take rabawa yawanci da 2c0f yake farawa.

Lissafin sandar bai canza ba, girman ne ya canza. Ƙaramar unguwa ɗaya a IPv6 ita ce /64, kuma a cikinta akwai adireshi kamar a ɗauki dukan IPv4 a ninka shi sau biliyan 4.3. Kamfani yakan karɓi /32, ya ba gida /56, unguwanni 256 ke nan, ko ya ba ma'aikata /48. A nan ba a bukatar zaure don ƙarancin lamba, kyamarar Alhaji za ta sami adireshinta na kanta, sai dai a tsaya a gyara katangar tsaro a rauta don a san wa aka bari ya shigo. Abin da ya rage shi ne kamfanoninmu su kunna wa kwastomomi, kuma a ganina sun yi jinkiri fiye da kima, mu da muka fi kowa ƙarancin tsohuwar lamba. Ni duk kamfanin da zan ɗaura wa wani layinsa sai na tambaye su ko suna ba da IPv6, ko da na san amsar, don su rubuta cewa an tambaya.

Ga aikin gida. Makaranta tana da 192.168.10.0/24. Ɗakin kwamfuta na'urori 100, ofis 50, ɗakin karatu 20, sai layi ɗaya tsakanin rauta biyu. Ka yanka wa kowanne nasa, ka fara da mafi girma, ka rubuta mini inda kowane yanki ya fara da inda ya ƙare da abin da ya yi saura. Ka aiko kafin fitowa ta gaba, zan duba in buga amsar a nan.